AMBALIYA A ƘASAR KANO: DAGA SAMA TAKE KO DAGA ƘASA?



Da farko ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan taro, da suka ba ni damar in tofa albarkacin bakina a kan al'amarin ambaliyar ruwa. Ni dai ɗalibi ne, ban isa in tsaya gaban malamaina in ce zan koyar da su wani abu ba. Abin da ya ba ni ƙarfin hali shi ne karin maganar nan da ke cewa ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Ni kuwa ya dake ni, har cikin ɗakin kwanana.

Ni mutumin Rijiyar Zaki ne, cikin Ƙaramar Hukumar Ungogo, a bakin hanyar Gwarzo, ba nisa da sabon mazaunin Jami'ar Bayero. Wata damina, cikin watan Agusta, sa'ad da nake aji biyu na babbar sakandare, aka tsuge da ruwa tun bayan sallar lisha. Can tsakar dare sai muka ji mahaifinmu yana buga ƙofa yana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya. Ko da na sauko da ƙafata daga gado, sai na ji ta cikin ruwa har idon sawu. Ruwan ta zaure ya shigo, daga titi, yana ɗauke da shara da ƙazantar unguwa. Muka goyo kakarmu muka fid da ita daga ɗakinta, ba a yi rabin sa'a ba bangon ɗakin ya zube a kan gadon da take kwance. Muka yi asarar buhunan gero da na wake, da awaki biyu, da dukan littattafaina na makaranta. Allah ya tsare rai.

Da gari ya waye mutane suka yi ta zuwa jaje, kowa na cewa ƙaddara ce, Allah ya mai da alheri, muna amsawa da amin. Kakarmu kuwa tana zaune bisa tabarma a gidan maƙwabta, ta ce da ni: "Kai yaro, ruwan nan ba baƙo ba ne, gidansa ya zo nema ya tarar an gine." Na tambaye ta ma'ana. Ta ce a bayan gidanmu, inda yanzu gidaje suka yi jeri, wani babban kududdufi ne sa'ad da aka kawo ta amarya. Daga cikinsa aka haƙi ƙasar da aka gina gidan, cikinsa ruwan unguwa duka ke taruwa da damina, ana ban ruwan dabbobi da shi har tsakiyar rani. Sannu a hankali aka cike shi da shara, aka yanka fuloti, aka sayar. Wannan magana tata ita ce tushen jawabina na yau, kuma ita ce ta sa na ɗora tambayar nan a kansa: ambaliyar da ke cin mu, daga sama take zuwa ko daga ƙasa?

Bari mu fara da duban yadda ƙasar take a da. Karkarar da ta kewaye birnin Kano sananniya ce ga masana labarin ƙasa saboda cunkoson jama'arta da irin nomanta. Michael Mortimore, wanda ya yi bincike a kanta tun cikin shekarun 1960, ya nuna yadda manoma ke noma gona guda kowace shekara ba hutu, ba tare da ta mutu ba, domin suna zuba mata taki, har da wanda jakai ke ɗaukowa daga cikin birni cikin mangala. Cikin gonakin nan akwai itatuwa da aka bari da gangan, ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo da rimi. Ƙasar yawancinta jigawa ce mai rairayi, an yi mata kunya-kunya, kowace kunya kuwa ƙaramar madatsa ce mai tare ruwa har ya nutse. Abin da ya rage ya gangara kududdufi ko fadama. Don haka ruwan sama ba ya yin nisa da inda ya sauka, ƙasa ke shanye shi, rani ya yi a jawo shi da guga daga rijiya. Sunan unguwarmu kansa shaida ne.

A cikin birni ma haka abin yake. Ganuwa da gidajen Kano da ƙasa aka gina su, duk inda aka ɗebi ƙasa kuwa rami ya samu, shi ya sa birnin ya cika da kududdufai. Clapperton da ya zo Kano a 1824, da Barth da ya zo a 1851, dukansu sun ambaci dausayin Jakara da ya ratsa birnin kusa da Kasuwar Kurmi. Baƙin sun ga ƙazanta da sauro a wuraren nan, gaskiya ne kuma akwai su. Amma kududdufan nan su ne rumbunan da ke karɓar ruwan damina kafin ya kai ga bangon kowa. Magabatanmu kuma sun bar mana taswirar ruwa cikin sunayen wurare. Wanda ya ji Tudun Wada ko Tudun Yola ya san a kan me aka zauna, wanda kuma ya ji Kwarin Gogau ya san inda ruwa ke bi. Yau sai ka ga mutum ya sayi fili a wurin da sunansa kwari ne ko fadama, da rani, ƙasa ta bushe ƙayau, yana murna ya samu da araha.

To, me ya sake? Abu na farko shi ne yawan jama'a. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum kimanin miliyan 9.4, birnin kuma ya tumbatsa ya haɗiye ƙauyukan da ke kewaye da shi. Gonakin da iyayenmu suka yi kiwo a cikinsu tsakanin Kabuga da Rijiyar Zaki da Rimin Gata sun zama gidaje. Ba laifi ba ne mutum ya nemi muhalli, kowa na son ya ga iyalinsa ƙarƙashin rufin kansa. Abin dubawa shi ne yadda aka yi yankan. Mai gona ya kira dillali, a zo da igiyar awo, a yanka gonar ƙanana-ƙanana, a bar lungun da mota ɗaya ba ta iya juyawa a cikinsa, ba a bar hanyar ruwa ba ko taku ɗaya, domin kowane taku kuɗi ne. Wannan shi ne abin da muke kira awon igiya. Sa'an nan mai gini ya zo ya rufe da kwano, ya dafe tsakar gida da siminti, ya huda katanga ya saki ruwansa a lungu. Maƙwabcinsa ya ga haka, sai ya sayo tifa biyu ta ƙasa ya ɗaga ƙofar gidansa. Na gaba ya ɗaga tasa fiye da haka. A ƙarshe ruwan unguwa duka ya tattaru a kan wanda ya fi kowa talauci, watau mai tsohon ginin ƙasa wanda ba shi da kuɗin ciko.

Ku ba ni izini in yi ɗan lissafi, wanda ɗan firamare ma zai iya bi. Idan aka yi ruwa milimita 1, kowace murabba'in mita ɗaya ta samu lita 1. Fulotin nan namu mai ƙafa 50 tsawo da ƙafa 50 faɗi ya kai kimanin murabba'in mita 232. Idan aka yi ruwan milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a daren Agusta guda, to lita 11,600 ce ta sauka a wannan ɗan fili, watau jarka 464 irin ta 'yan garuwa mai cin lita 25. Sa'ad da filin yake gona, ƙasa ke shanye mafi yawan wannan ruwa. Yanzu da ya zama kwano da siminti, kusan dukansa lungu zai fita, kuma cikin 'yan mintoci. Ku ninka wannan da gidaje dubu, za ku samu lita miliyan 11.6 tana neman hanya a lokaci guda. Ina za ta? Kududdufin da zai karɓe ta an cike shi. Kwatar da aka gina, in ma akwai ta, ta toshe da leda da yashi da robobi. Saura zaurukanmu.

Abin takaici kuma, unguwar da ta yi iyo cikin Agusta ita ce ke layin sayen ruwa cikin Afrilu. Ruwan da muka hana shi nutsewa shi ne wanda da zai cika rijiyoyinmu. Rijiyoyin gidaje sun ƙafe, masu hali suna ta haƙa burtsatse, marasa hali suna jiran 'yan garuwa. Ambaliyar damina da ƙishin rani uwarsu ɗaya.

Haka nan irin gininmu ya shiga tsaka mai wuya. Ginin ƙasa na gargajiya yana da ƙa'idojinsa: a yi masa yaɓe kafin damina, a shafe shi da makuba, a gyara indararo don ya jefa ruwa nesa da bango, a yi dakali a gindin katanga. Magina sun san cewa ruwan da ya kwanta a gindin bango ya fi wanda ya sauka a kansa haɗari. Bangon ƙasa yana jure ruwan sama shekara da shekaru, amma in ya kwana biyu tsaye cikin ruwa sai ya jiƙe daga ƙasa ya durƙushe. A watan Satumba na 2024 tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai yawa. Ginin bulo ma bai tsira ba in an yi ƙwauron siminti, an buga bulo mai yawa daga buhu guda, an kafa harsashi marar zurfi. Bayan ruwa ya janye kuwa sai cuta ta biyo baya, domin masai ya cika ya haɗu da ruwan rijiya, amai da gudawa su ɓarke, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa.

Wannan ita ce ambaliyar cikin gari. Akwai kuma ta kogi da madatsun ruwa, wadda ta fi cin rayuka a lokaci guda. Zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, aka ɗauki aikin gina madatsun ruwa da gaske, aka yi ta Bagauda, aka kammala ta Tiga a 1974, daga baya aka gama ta Challawa a 1992. Ba mai musun amfaninsu. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa daga gare su suke, haka ruwan famfon birni. Amma madatsa amana ce mai son kulawa kullum. A watan Agusta na 1988, bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsar Bagauda ta ɓalle. Alƙaluman da aka bayar game da ambaliyar wannan shekara a Jihar Kano sun nuna mutum 146 sun rasu, gidaje kimanin 18,000 sun rushe. A 2001 ruwa ya sake cin garuruwan da ke bakin kogi a jihohin Kano da Jigawa. A can ƙasan kogin kuwa, wajen Haɗeja, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, sai ya bar turbarsa ya malale gonaki da ƙauyuka.

In muka leƙa maƙwabta, labarin ɗaya ne. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta yanke hanyar da ta haɗa birnin Sakkwato da mazaunin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, karatu ya tsaya, ɗalibai irinmu suka koma gida. A 2012 ambaliyar da ta game Nijeriya ta kashe mutum 363, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. Ta 2022 ta kashe fiye da 600, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, shekara 30 bayan irin wannan ta faru a 1994. A ƙarshen watan Mayu na 2025 kuma ruwa ya afka wa garin Mokwa a Jihar Neja da asuba, ya kashe fiye da mutum 150, da yawansu a unguwar Hausawa. Duk wanda ya dubi jerin shekarun nan ya san abin ya wuce a kira shi tsautsayi na rana ɗaya.

Wani zai ce ai mu mutanen tudu ne, tsakaninmu da teku kusan kilomita 800, ambaliya ta mutanen gaɓa ce da na tsibirai. To bari mu je tsibiran mu ga abin da ya cinye su. A ƙasar Hayti akwai wani gari a bakin teku mai suna Gonayib, zaune a kwari, duwatsu sun kewaye shi. An sare itatuwan duwatsun an yi gawayi, har suka zama tsirara. A watan Satumba na 2004 guguwa ta zo da ruwa mai yawa, ba abin da zai tare shi a bisa, ya gangaro da taɓo ya binne garin. Mutum wajen 3,000 suka hallaka a ƙasar, mafi yawansu a wannan gari, kuma a 2008 ruwa ya sake komo masa. Sa'an nan ga Port Luwis, babban birnin tsibirin Morishus, ƙasar da ta fi mu tsari da wadata nesa ba kusa ba. Ranar 30 ga Maris, 2013, ruwa wajen milimita 150 ya sauka cikin 'yan sa'o'i, magudanan birnin suka kasa ɗauka, mutum 11 suka mutu, da yawansu a hanyar ƙarƙashin ƙasa da aka gina don masu tafiya da ƙafa. Ku lura, a garuruwan nan biyu tekun da ke gabansu bai tashi ya cinye su ba. Ruwan sama ne ya biyo su ta baya, daga tudu, ya tarar an sare abin da zai rage masa gudu, an ƙuntata hanyar da zai wuce. Wannan kuwa shi ne ainihin halin da muke ciki. Mu ma muna ƙona gawayi, muna sare ɗorawa da gawo, muna gina gadojin ƙasa a birni. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kada a ce na wanke sama sarai. Ita ma ta sake hali. Ruwan da Kano ke samu a shekara, bisa matsakaicin lissafi na shekaru masu yawa, yana tsakanin milimita 800 da 900, kuma Agusta ce ke ɗauke da kaso mafi tsoka. Iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984, sun tashi cikin tsoron ƙarancin ruwa, shi ya sa da yawa suka ɗauka fadamun da suka bushe a shekarun nan sun mutu ke nan har abada, aka hau su da gini. Daga baya damina ta farfaɗo, ta kuma dawo da wani sabon salo. Masana sun tabbatar cewa duk sa'ad da zafin iska ya ƙaru da digiri 1, tana iya riƙe ƙarin danshi kimanin kashi 7 cikin 100, in ta tashi saki kuwa sai ta saki da yawa. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ma'ana, ruwan da a da zai rarrabu cikin mako, yanzu yana iya sauka a dare guda. Amsar tambayata ke nan: sama ta ƙara ƙarfi, mu kuma a ƙasa mun rage wurin karɓa. Ta sama ba ta hannunmu, sai addu'a. Ta ƙasa kuwa aikin hannunmu ce.

A nan ne zan taɓo maganar ƙaddara, da ladabi, domin malamaina suna zaune. Babu Musulmin da ke musun ƙaddara. Amma Annabi Nuhu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, tun ƙasa na bushe aka umurce shi ya sassaƙa jirgi, mutane na wucewa suna yi masa dariya. Wanda ya zuba shara a kwata da hannunsa, ko ya sa hannu a takardar da ta ba da izinin gini a kan hanyar ruwa, in bango ya danne yaron maƙwabcinsa, bai kamata ya fake da ƙaddara ba. Akwai haƙƙin maƙwabtaka, kuma za a tambaye shi.

Yanzu sai in juyo gare ku, yayyenmu ma'aikata. Ku gafarce ni in na yi tsaurin ido. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun Gwamna a matsayin amana, amma Gwamna ba ya zuwa awo, ba ya buga hatimi. Fayil a teburin ƙaramin ma'aikaci yake farawa. Safiyo ne ke zuwa ya ga filin da idonsa, ya san ko tudu ne ko kwari. Injiniya ne ke sa hannu cewa ɗan kwangila ya gama kwata, alhali ya san faɗinta bai kai abin da aka zana ba, ko kuwa an gina ta ba ta da mafita, ta ɗebo ruwan wata unguwa ta juye wa wata. Na san akwai matsi daga sama, na san albashi ba ya kai wata. Duk da haka rubutu biyu a gefen fayil, cewa wannan wuri hanyar ruwa ce, yana iya tsare rayukan mutanen da ba za ku taɓa sani ba. In an danne shawararku, ta zauna a rubuce, ranar bincike ta zama shaida. Dattawa suna ba mu labarin duba-gari na zamanin En'e, wanda jin tafiyarsa kaɗai ke sa a share rariya. Dokoki muna da su, hukumar tsara birane muna da ita, ta kwashe shara muna da ita. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ma'aikacin da zai ce a'a.

Ga abin da nake ganin ya kamata hukuma ta yi, a taƙaice. Na ɗaya, a ƙidaya kududdufan da suka rage a birni da kewaye, a sa su a taswira, a haramta cike su, a kewaye su don kada yara su faɗa, a hana zuba shara a ciki. Na biyu, kada a amince da yankan gona sai an fid da hanyar ruwa tun kafin a sayar da fuloti na farko, domin tun ran gini tun ran zane. Na uku, a yashe magudanai cikin Afrilu da Mayu, a kuma kwashe abin da aka yaso nan take, maimakon a tara shi a bakin kwata ruwan farko ya mai da shi. Na huɗu, a riƙa duba lafiyar madatsun ruwa kowace shekara, in za a saki ruwa a sanar da garuruwan da ke ƙasa da wuri, ta rediyo da bakin masu unguwanni. Hukumar NiMet tana fid da hasashen damina kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana bayyana wuraren da ake tsoron ambaliya. Amfanin hasashe shi ne ya isa kunnen manomi da mai gida cikin harshen da suke ji. Rabon tabarmi da buhunan shinkafa bayan an binne mutane taimako ne, amma ihu ne bayan hari.

Mu kuma ɗalibai, kada mu zauna muna zagin Gwamnati a ɗakunan kwana mu ɗauka mun sauke nauyi. Talakawan da harajinsu ke riƙe da jami'ar nan suna bin mu bashi. Cikinmu akwai masu karatun labarin ƙasa, da injiniyoyi, da masu koyon aikin likita, da masu nazarin harshe. Me zai hana, in an yi hutu, kowane rukuni ya ɗauki unguwarsa, ya zauna da tsofaffi ya tambaye su inda kududdufai da rafuffuka suke a da, ya bi lungu-lungu ya rubuta inda ruwa ya kai a bango a daminar da ta wuce, a haɗa taswira a kai wa mai unguwa da hukuma? Wannan ilmi yana ƙirjin tsofaffi, kullum kuwa muna binne su. Masu nazarin harshe su juya hasashen damina zuwa Hausa mai sauƙi. Sauranmu mu ɗauki shebur mu farfaɗo da aikin gayya, mu yashe kwatar lungunmu kafin ruwan farko, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A gidajenmu kuma mu roƙi iyayenmu a bar wani sashe na tsakar gida ba siminti, a dasa itace ko ɗaya, a sa makwarara a bakin kwano a tara ruwa a tanki ko randa. Kowace jarka da aka tara ta ragu daga abin da zai shiga zauren maƙwabci.

Akwai kuma wata jarrabawa da ke jiran kowannenmu. Nan da 'yan shekaru, in Allah ya yarda, za mu kama aiki, mu fara tara kuɗin fili. Dillali zai kai mu wani wuri da rani, ya ce ga shi da sauƙi. Ina roƙonmu, kada mu biya sai mun koma wurin cikin Agusta, bayan an ɗauke ruwa, mun kuma tambayi tsohon da ya fi kowa daɗewa a wurin abin da ke nan kafin a yanka. Araha ba ta ado, mai sayen fadama kuwa ya sayi ruwa da kuɗinsa.

Shugaba, jama'a, kakata ta rasu shekara biyu bayan wannan dare da na ba ku labari. An sake gina ɗakinta da bulo, an ɗaga ƙofar gidanmu da ciko kamar yadda kowa ya yi, kuma na san sarai cewa ruwan da muka kora yana shiga gidan wani a ƙasanmu. Har yau in hadari ya haɗo daga gabas da dare, mahaifina ba ya barci, sai ya ɗauki tocila ya yi ta zagaya katanga. Irinsa suna da yawa a Rijiyar Zaki da sauran unguwannin Kano. Manomi ne, ɗan manomi, wanda ya tashi yana roƙon ruwa, yau ga shi yana fargabar saukarsa. Burina shi ne mu da muka samu ilmin zamani mu yi abin da zai sa ya koma yin murna da hadari.

Abin da na faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi. Inda na yi kuskure, malamaina su gyara mini, domin ɗan koyo nake. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu sharrin ruwa da na iska.